Rasuwar Mai Kaza, Agogon Makau Tela

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, tare da miƙa wuya ga abin da Allah Ya hukunta, Malam Makau Tela na Shiyar Marina a garin Anka yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Anka da Gummi da Bukkuyum, da duk inda wannan takarda ta kai, rasuwar abokin zamansa, agogon tebur mai ƙararrawa biyu a ka, wanda unguwa ta fi sani da Mai Kaza. Ya cika ranar Talata da safe, hannuwansa na kan ƙarfe shida da minti ashirin, saura minti arba'in ya yi aikin da ya saba. Ya rasu yana da shekara goma a gidan, bayan jinyar wata huɗu. Idon Malam Makau ya daina ganin rubutu, don haka shi ya faɗa, Surajo mai kemis ya rubuta, kuma ya ce kada a rage masa ko kalma.

Marigayin haifaffen ƙasar Sin ne, kamar yadda aka buga a bayansa. Jikinsa shuɗi ne, ƙafafunsa biyu gajeru, a fuskarsa akwai hoton kaza da 'yan tsakinta uku. Muddin yana numfashi, kan kazar nan bai daina sauka yana tashi ba, tana tsattsagar hatsin da ba ya ƙarewa: ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Ga yadda aka yi ya shigo gidan. A shekarar 1998 Malam Makau ya soma shan ruwa kamar raƙumin da ya fito daga daji. Randa ba ta kwana da ruwa, wando ya yi masa yawa, shi da yake ɗinka wa mutane daidai jikinsu. Matarsa Amariya, wadda sunan amarci ya bi har ta yi jika, ita ta fara lura da tururuwa na taruwa a makewayi bayan ya fito. Ta matsa masa har suka je asibiti a Gusau. Likita ya ce ciwon suga ne, ya rubuta wata farar ƙwaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kafin cin abinci. Ya ɗaga yatsa ya ce kada a tsallake, kada kuma a ninka, domin tsallakewa tana cin mutum a hankali, ninkawa kuwa tana iya kayar da shi nan take.

To, Malam Makau mutum ne mai mantuwa tun yana saurayi. In ya hau keken ɗinki, ko gobara ake yi a maƙwabta sai an taɓa kafaɗarsa. Shekara guda cur Amariya ce agogonsa. Tana duban inda inuwar katanga ta kai, ta ɗauko ƙwaya da moɗar ruwa, ta tsaya a kansa har ya haɗiye. Sai 'yarsu Saratu, da ke aure a Gummi, ta haihu, ya zama dole uwa ta je ta zauna mata kwana arba'in na wankan jego. Ana gobe za ta tafi ta dawo daga kasuwa da wani abu a ƙulle cikin gefen mayafi, ta kwance ta ajiye a kan teburin keke.

"Mi za ni yi da wanga?" in ji Malam Makau.

"Shi za ya tsaya maka har in komo. In yay yi kuka, ka aje ɗinki, ka sha ƙwayarka, kana ka ci abinci. In ka sha, ka murɗa mashi makullin baya, in ba haka ba ba ya kukan marece."

"Ke, Amariya, ɗan sanda kika kawo min cikin ɗaki?"

"Ɗan sanda ya fi ni haƙuri, Malam."

Amariya ba ta san lamba ba. Mai sayarwa ne ya nuna mata inda bakwai take, ita kuma ta ɗiga jan farce a kan gilashin daidai wurin, don ko an taɓa ta gane. Da yake fuskar agogo awa goma sha biyu ce, saiti ɗaya ya wadatar: bakwai na safe ya yi kuka, bakwai na yamma ya yi kuka. Washegari ta hau mota. Da yammar nan Malam Makau yana tsakiyar haɗa wuyan wata riga, sai ƙirrrrr, 'yar gudumar ta shiga dukan ƙararrawa biyu, agogon yana rawa a kan tebur yana neman faɗowa. Ya zabura har allura ta soke shi. Ya zage shi zagi mai kyau, sa'an nan ya tashi ya sha ƙwayarsa. Haka suka fara.

Malam Makau yana shaida wa jama'a cewa marigayin mai kyawawan halaye ne. Bai taɓa neman batir ba, bai taɓa tambayar ko an kawo wuta ba. Abincinsa murɗa goma sha biyu da safe, goma sha biyu da yamma, kuma bai taɓa cewa bai ƙoshi ba. Ba ya gulma. Ya ga ranar da maigida ya saci dabino uku daga kwanon baƙi ya ci a ɓoye, bai faɗa wa kowa ba. Ba ya jin kunyar babban mutum: ya taɓa katse wa wani mai sarauta magana ana tsakiyar gwajin babbar riga. Aibinsa ɗaya, in zafin bazara ya tsananta yakan ja baya da minti biyar, sai an daidaita shi da labaran rediyo. Ko wannan Malam Makau ya yafe masa, domin shi ma a bazara ba ya sauri.

Da Amariya ta dawo daga Gummi ba ta sallami agogon ba. Suka raba aiki: shi ya yi kira, ita ta kawo ruwa. Shekara huɗu suna haka. Duk gidan an ɗauka mai ciwon suga ne zai riga tafiya, shi kansa ya sha yi mata wasiyya a kan keke da almakashi. Sai ga shi a damunar 2003 zazzaɓi ya kama Amariya, mai lafiyar da ko ciwon kai ba ta cika yi ba. Kwana biyar ta yi a kwance. Ranar ta huɗu da hantsi ta ce a ɗauko mata agogon. Ta shafa gilashin da babban yatsa, ta ga ɗigon jan farcen ya soma kankarewa, ta sa aka kawo kwalbar ta ƙara wani a kai.

"Kada ka bari ya kwana da yunwa," ta ce masa.

"Ke za ki tashi ki ba shi da kanki."

Ta mayar masa da agogon, ta juya fuska ga bango.

An kai ta da la'asar ranar Juma'a. Da aka idar da magariba zaure ya cika da masu gaisuwa, liman yana addu'a, kowa ya ɗaga hannu. Sai daga cikin ɗaki, ƙirrrrr. Liman ya dakata. Mutane suka dubi juna, wani ya yunƙura zai je ya kashe. Malam Makau ya ce a bar shi ya gama. Ya bari aka shafa, ya tashi ya ratsa mutane ya shiga ciki. Ya tarar da moɗa a kife a kan randa, ba wanda ya cika ta. Ya ɗebi ruwan da kansa, ya haɗiye ƙwaya, ya murɗa makulli sau goma sha biyu. Ya ce a nan ne ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba.

Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in, tabarmi suka koma gidajen masu su. Saratu ta koma ɗakinta a Gummi. Ɗansa Muntari ya zauna shekara biyu, ya ga ɗinki ba zai riƙe shi ba, ya shiga yawon neman abinci, daga ƙarshe ya bi masu haƙar zinariya zuwa Sunke. Yakan leƙo da salla, jikinsa fari fat da garin dutse, ya kwana biyu ya koma. Gida mai ɗaki huɗu ya rage daga Malam Makau sai Mai Kaza.

A shekaru shidan da suka biyo bayan rasuwar Amariya ne marigayin ya nuna ko shi wane ne. Ido ya yi rauni, masu kawo ɗinkin salla suka koma wurin yara masu keken zamani, aka bar wa Malam Makau faci da rage tsawon wando. Wata rana tun daga asuba har isha'i ba wanda zai yi masa sallama in ba a masallaci ba. Amma ɗakin bai taɓa yin shiru ba. Yana zare, kaza tana tsattsaga. Yana cin tuwon dawa da miyar kuka shi kaɗai, tana tsattsaga. Har ya saba yi mata magana, ya ba ta labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure, ya tambaye ta ko hatsin nan bai ishe ta ba. Ba ta taɓa amsawa ba, amma ba ta taɓa tashi ta bar shi yana magana ba. Kuma sau biyu kowace rana akwai abin da ke kiransa da ƙarfi, kamar an damu da ko yana raye.

Muntari ya taɓa kawo masa wayar hannu, ya ce ita ma tana kira in an saita ta. Malam Makau ya karɓa ya sa albarka. Lambobinta ƙanana ne, ba ya ganinsu, kuma kwana uku ba wuta ta mutu. Tana nan cikin aljihun keke tare da tsofaffin maɓallai.

Ciwon ajalin marigayin ya fara ne a ƙarshen bazarar bana. Da fari jinkiri ne, minti goma, minti ashirin. Daga baya muryarsa ta dushe, kukan da ake ji har bakin titi ya koma kamar tarin tsoho. Sai ya zamana ba ya tafiya in yana tsaye, sai an kwantar da shi rub da ciki. Malam Makau ya shimfiɗa masa ƙyalle mai laushi, ya kwantar da shi a kai, yana ɗaga shi lokaci lokaci ya kai kusa da ido ya ga inda ya kai. Ya ɗiga masa man keke, bai yi ba. Ya kai shi wurin mai gyaran agogo na bakin kasuwar Anka, ya tarar mutumin ya koma cajin waya, ko kayan aikin ya rabar. Aka ce saura mutum ɗaya a ƙasar nan, wani dattijo mai suna Bature a Bukkuyum.

Malam Makau, wanda ya shekara bai wuce tasha ba, ya naɗe agogon cikin rawani, ya rungume shi a ƙirji, ya hau mota, ya sauka ya hau bayan babur. Ya sami Bature a wata rumfa, da gilashi maƙale a ido ɗaya. Bature ya buɗe bayan marigayin, ya daɗe yana dubawa, ya hura, ya sake dubawa.

"Malam, haƙoran ciki sun cinye. Ƙarfen da ka naɗe ƙarfi shi ma ya gaji. Shekara nawa yana aiki?"

"Goma. Bai huta ko yini guda ba."

"Ai ya yi. Irin wanga ba a kawo kayansu yanzu. Ni ɗan taɓa shi, amma ba ni yi maka alkawari."

"Ko wata guda ne, ka samo min."

Bature ya ɗago ya dube shi da idon da ba gilashi. Ya cire wani haƙori daga gawar wani agogon, ya goge, ya dasa. Kaza ta ɗaga kai ta sauke. Malam Makau ya dawo Anka yana jin ƙyas ƙyas a ƙirjinsa duk tsawon hanya.

Kwana tara aka samu. Ran na goma, Talata, Malam Makau ya dawo daga masallaci, ya zauna bakin gado yana jan carbi, yana jiran kira. Ya jira. Rana ta fito ta hau katanga. Sai ya lura da abin da kunnensa ya daɗe yana faɗa masa: ɗakin ya yi tsit. Ya ɗauki agogon, ya girgiza, ya kara a kunne, ya murɗa makulli. Makullin ya juya sakwaf, ba abin da ya riƙe shi. Kan kazar ya tsaya a ƙasa, bakinta a kan hatsi.

Ranar ya sha ƙwayarsa da ƙiyasi. Laraba da safe ya sha bayan ya dawo daga masallaci, ya zauna da marigayin a cinya yana ƙoƙarin buɗe bayansa da tsinin almakashi. Can hankalinsa ya dawo, ya tambayi kansa ko ya sha. Ya duba moɗa, ya duba takardar ƙwaya, ba wadda ta ba shi amsa. Shekara goma bai taɓa riƙe wannan a kansa ba, domin in makulli a ɗaure yake, to an sha. Ya tuna tsallakewa tana cin mutum, ya ɓalli wata ya haɗiye. Kuma bai karya ba, don ba ya jin cin komai.

Abin da ya biyo baya ba ya tunawa, sai abin da aka faɗa masa. Maƙwabciyarsa Kulu mai ƙosai, ƙawar Amariya tun suna amare, katanga ɗaya ta raba su. Ashe shekara goma ita ma da kukan Mai Kaza take sauke kaskon safe ta fita da tire, ba ta taɓa faɗa ba. Talata ba ta ji ba, ta ce ko kunnenta ne. Laraba ba ta ji ba, hantsi ya yi, ba ta kuma ji ƙarar keke ba. Ta yafa mayafi ta zagayo, ta yi sallama sau uku, ta shiga. Ta same shi a ƙasa kusa da keke, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, jiki na ɓari, yana magana ba a gane abin da yake cewa. Amariya ta taɓa gaya mata abin da ake yi. Ta ruga gida ta ɗebo zuma, ta shafa masa a dasashi da yatsa, tana ƙwala wa Surajo kira ta kan katanga. Da ya farfaɗo ya ga fuskarta a kansa, abin da ya fara cewa shi ne, "Ƙarfe nawa?"

"Ƙarfen ƙaniyarka," in ji Kulu, tana kuka. "Ka so ka bi ta ba sallama?"

Saratu ta iso daga Gummi washegari, da goyo a baya da sabon agogo na batir a jaka. Ba ta zauna ba ta fara naɗe masa tufafi.

"Baba, ka tashi mu tahi. An gyara maka ɗaki, maigidana da kanshi yac ce in taho da kai."

"In zauna gidan suruki, ina cin tuwonshi, ina tari yana ji? Ɗakin Innarki fa, wa za ya buɗe shi ya sha iska?"

"Ɗaki ya fi ranka, Baba? Da Inna Kulu ba ta shigo ba fa?"

Ta zauna a bakin gado ta share ido da gefen zane. A ƙarshe suka yi sharaɗi: za ta bar shi zuwa babbar salla. In aka sake samun kuskure ko sau ɗaya, tsallakewa ko ninkawa, zai bi ta Gummi ba gardama, a rufe gidan. Ya yarda. Ta saita sabon agogon ta tafi. Sabon yana nan yana aiki, ba a ce ya yi laifi ba. Sai dai kukansa siriri ne kamar na sauro, in keke na tafiya Malam Makau ba ya ji. Tafiyarsa ba ta da sauti. Kuma ba shi da makulli, ba ya neman komai a hannun kowa. Da yamma yatsun Malam Makau sukan kai bayansa da kansu, su tarar da roba sumul, su dawo.

Marigayin ya rasu ya bar maigidansa, Malam Makau, mai shekara sittin da takwas. Ya bar keken ɗinki, abokin teburinsa, wanda shi ma ƙafarsa ta fara ƙara. Ya bar moɗa da randa, da rediyon da suka sha gardama a kan minti biyar. Ya bar Kulu mai ƙosai, wadda ta ƙona kasko biyu a makon nan. Ya bar kaza da 'yan tsaki uku, waɗanda za su bi shi. Ya bar ƙwaya ta wata guda a cikin takarda, da kwana hamsin da ɗaya kafin babbar salla.

Game da jana'iza, an nemi fatawar liman. Ya yi dariya, ya dubi fuskar mai tambaya, ya daina. Ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma ba wanda ya hana mutum ajiye kayansa inda ransa ya kwanta. Saboda haka ba wanka, ba salla, ba makara. Malam Makau ya ɗinka masa likkafani da kansa daga ragowar farin yadi, da hannu, da lalube, ya ɗauke shi yini guda. Za a sa shi a ƙasa ranar Asabar bayan la'asar, a gindin zogalen tsakar gida, gefen da ruwan indararo ba ya kaiwa. Surajo zai haƙa. Bature na Bukkuyum ya aiko a ba shi gawar don ya ciri abin da zai yi wa wasu amfani, an ba shi haƙuri.

Za a karɓi gaisuwa a gidan mamacin, Shiyar Marina, gida na uku bayan rijiya. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo dabino, ko rake, ko lemon kwalba. Lokacin karɓar gaisuwa ƙarfe bakwai na safe da ƙarfe bakwai na yamma. Ba a yanke ranar tashi daga zaman makoki ba, ba uku, ba bakwai, ba arba'in. Wanda ya zo ba sai ya zauna ba, ba sai ya yi doguwar addu'a ba. Ya isa ya tsaya ya ga an haɗiye magani, in ya fita ya faɗa wa Kulu ko Surajo cewa na wannan lokacin ya wuce. Wanda kuma yake da sarari, akwai tabarma, akwai shayi ba suga, maigidan yana da labarai da yawa da ya rasa wanda zai ba.

Ƙofar zaure ba ta da sakata. In an yi sallama ba a amsa ba, kada a juya. A tura a shiga.